Fada, Hukuma da Lakwal: Rawar Shugabannin Gari a Tarihin Makarantar Boko a Nijar

An saba bayar da tarihin makarantar boko a ƙasar Nijar, wadda jama'a suka fi sani da lakwal, daga sama: a ambaci dokokin da aka sa wa hannu a Yamai, da sunayen ministoci, da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da ƙasashen waje. Amma duk wanda ya zauna a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ko a garuruwan da ke kewaye da su, ya san cewa ba a taɓa buɗe aji ba sai da hannun wani mai iko na kusa. Shi ke ba da fili, shi ke tara yara, shi ke sauke baƙon malami ya nema masa masauki. A cikin shekaru fiye da 100 wannan mai iko ya sha sake suna da tufafi, daga kumandan da sarki da mai gari, zuwa sufurfe, zuwa magajin gari da kwamitin iyaye. Abin da tarihin ya nuna shi ne, hukumomin kusa sun daɗe da ƙwarewa wajen cika aji da yara, da tilas a farko, da lallashi daga baya. Sa yaron ya iya karatu da lissafi kuwa wani aiki ne daban, wanda sai a baya-bayan nan aka soma ɗora musu shi.

Lakwal ta zo tare da kumandan

Sojojin Faransa sun shiga birnin Damagaram a shekarar 1899, kuma a wannan shekarar Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa a hannunsu. Daga 1911 zuwa 1926 birnin ne hedkwatar mulkinsu, kafin a mayar da ita Yamai. Makarantun farko da suka buɗe ba don wayar da kan talakawa aka yi su ba. Nasara yana bukatar tafintoci, da masu rubuta haraji, da ma'aikatan gidan waya, don haka a farkon al'amari sojoji ne ma suke koyarwa a kusa da bariki.

Hanyar samun ɗalibai ita ce hanyar samun komai a wancan zamani. Kumandan ya yanka wa kowane sarki adadin yaran da zai kawo, sarki ya rarraba wa masu gari, mai gari ya shiga gida gida. Dogarin da ya zo karɓar haraji jiya, wanda kuma ya zo ɗibar majiya ƙarfi domin aikin tilas, shi ne yau ya zo neman yaro. Ba abin mamaki ba ne da talakawa suka ɗauki lakwal a matsayin wani haraji, wanda ake biya da ɗa. Ga shi kuma ƙasar tana da nata ilimi tun kafin zuwan Nasara, da makarantun allo da zaurukan malamai a kowace unguwa, kuma iyaye suna tsoron kada ɗansu ya bar addini da tarbiyyar gida. Wasu suka riƙa ɓoye yara a ƙauyukan noma, wasu suka haɗa su da malami a tafi gabas, wasu suka ƙetara da su iyaka zuwa Katsina ko Kano.

Sarakuna sun sami kansu gaba kura baya sayaki. Tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa a 1906, da barin gadon sarautar babu sarki har 1923, ya isa ya nuna wa kowane mai rawani abin da ke jiran wanda ya ja da kumandan. A ɗaya gefen kuma akwai jama'ar da suke kallon sarki a matsayin garkuwarsu. Mafitar da gidajen sarauta da yawa suka samu ita ce a cika adadin da ƴaƴan bayi da barori da marayu, a bar ƴaƴan gida. Ba a yi shekara 30 ba sai ga waɗannan yara sun dawo da alƙalami a hannu, su ne tafintoci tsakanin sarki da kumandan, su ne akawu, kuma bayan soke aikin tilas a 1946 daga cikin ƴan lakwal ne shugabannin jam'iyyun siyasa suka fito. Daga nan fada ta gane cewa abin da aka guje wa shi ne ya zama tsani.

Tsanin kuwa mai tsawo ne kuma siriri. Yaro ya soma daga makarantar ƙauye, in ya yi fice a kai shi makarantar yanki, daga nan sai ƙalilan su wuce gaba. Marigayi Bubu Hama ya bi ta Tera, da Dori, da Wagadugu, kafin ya kai makarantar William Ponty da ke Senegal, ya fito malami a 1929. Jori Hamani da Jibo Bakari su ma can suka yi karatu, kuma da aikin koyarwa suka soma kafin siyasa. Gidajen sarautar da suka saki ƴaƴansu sun ga amfanin yin haka. Daga gidan sarautar Katsinar Maraɗi aka sami Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, masanin kimiyya wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi a zamanin Jori, wanda jami'ar Maraɗi ta ɗauki sunansa. Duk da haka, ranar 3 ga Agusta 1960 da ƙasa ta sami ƴancin kai, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba.

Zamanin sufurfe da samariya

Sabuwar gwamnati ta sake tsarin mulkin ƙasa a 1964, aka raba ta zuwa manyan yankuna 7 a ƙarƙashin farfe, kowane yanki da gundumomi a ƙarƙashin sufurfe. Gunduma tana da nata kasafin kuɗi, mafi yawansa daga harajin da masu gari ke tarawa, kuma daga cikinsa ake gina wasu azuzuwa, a sayi teburori da bencina. Haka aikin ya rabu gida biyu. Malami, da albashinsa, da abin da zai koyar, da harshen da zai koyar da shi, da jarrabawar sartifika, duk daga Yamai suke zuwa. Fili da gini da kawo yara kuwa suna wuyan sufurfe da sarki da mai gari. Wannan rabo ya daɗe yana aiki, kuma shi ya sa shugabannin gari suka saba auna makaranta da yawan ɗakunanta da yawan kawunan da ke ciki.

An yi ƙoƙarin kusanto da lakwal ga zukatan iyaye. Tun 1957 aka buɗe makarantar Faransanci da Larabci ta farko a garin Sayi, kuma irinta ta bazu daga baya, domin uban da ke ɗari-ɗari da boko zalla yakan saki jiki idan ya ji ana koyar da Larabci da addini. A 1964 aka soma gwajin koyarwa ta talabijin. A wannan shekarar ce kuma Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya fitar da littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya kare ra'ayin cewa yaro ya fi fahimta idan aka soma masa da harshen uwa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram wadda ke soma koyarwa da Hausa kafin a shigo da Faransanci. Sai dai irin waɗannan makarantu sun daɗe a matsayin gwaji, ba su zama ruwan dare ba.

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Saini Kunce ta farfaɗo da samariya, ta kuma jawo sarakuna jiki. Da kuɗin yuraniyom da aikin gayya aka gina azuzuwa masu yawa: samari su buga tubali, mata su kawo ruwa, mai gari ya tsaya a kai har a yi rufi. Wani abin lura shi ne sunayen da manyan makarantun sakandare suka ɗauka. A Maraɗi akwai lise Ɗan Baskore, a Tawa akwai lise Agabba, a Damagaram kuma lise Amadu Kuran Daga. Makarantar da ta shigo a bayan bindigar Nasara ta wayi gari tana ɗauke da sunan sarkin da ya yaƙe shi, alamar cewa gari ya karɓe ta a matsayin tasa.

Shekarun ƙunci

Faɗuwar farashin yuraniyom a farkon shekarun 1980, da farin 1984, da matakan tsuke bakin aljihu da masu ba da bashi suka gindaya, sun tsayar da wannan ci gaba. A birane aka shigo da tsarin raba aji biyu, wasu da safe wasu da marece. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbi ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy da ke Yamai, uku suka rasu, lamarin da ya buɗe hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991. Shekarun da suka biyo baya sun zo da bashin albashi na watanni, da yajin aiki, da abin da ake kira farar shekara, wato shekarar karatu ta wuce babu jarrabawa. A Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi, littafi da alli suka yi tsada. Zuwa shekarar 2000, kusan yaro 1 ne kawai cikin 3 ke shiga makarantar firamare, kuma ƴan mata da ƴan karkara su ne a baya.

A wannan lokaci da hannun gwamnati ya yi gajere, gari ne ya riƙe makaranta. Iyaye suka kafa rumfunan kara da zana, suka yi karo-karo, masu gari suka ciyar da malaman da albashinsu ya makara. Dokoki biyu na wannan zamani sun tabbatar da abin da ya riga ya zama gaskiya a ƙasa. Dokar 1993 ta fayyace matsayin sarakunan gargajiya a cikin tsarin mulki, sannan dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta bayyana cewa ɗaukar nauyin makaranta yana kan gwamnati da ƙananan hukumomi da iyaye baki ɗaya. A 1998 ɗin ne kuma aka soma ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya aka sani da ƴan kwantaragi, har suka zama su ne mafi yawa a cikin azuzuwa.

Magajin gari da kwamitin iyaye

Shekarun 2000 sun zo da sauyi mafi girma. Daga 2001 shirin musamman na Shugaba Tanja Mamadu, wanda aka ɗauki nauyinsa da kuɗin yafe bashi, ya sa burin gina azuzuwa 1000 a kowace shekara. A 2002 aka yi dokokin sakar wa yankuna mara, a 2003 aka soma shirin raya ilimi na shekara 10, kuma ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi 265. Doka ta ba sarakuna kujera a cikin waɗannan majalisu, suna ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a. Karo na farko a mafi yawan karkara, mutumin da ke da alhakin gina aji ya zama ɗan gari, wanda aka zaɓa, wanda kuma za a iya tarar da shi a ƙofar gidansa a tambaye shi.

A ƙasa da magajin gari aka kafa kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da COGES, mai haɗa wakilan iyaye maza, da na ƙungiyar uwaye mata, da darakta, da malamai. Kwamitocin farko ba su yi wani tasiri ba, domin sau da yawa naɗa su ake yi, kuma sunayen da ke cikinsu na waɗanda aka saba gani ne a kowane zama. A 2004 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta soma wani aiki a jahar Tawa wanda ya tsaya a kan abubuwa kaɗan: a zaɓi ƴan kwamiti ta hanyar ƙuri'ar asiri, a tara gari a tsara aikin shekara da abin da gari zai iya, a kuma dawo a yi bayanin kuɗi a bainar jama'a. Daga Tawa tsarin ya wuce Damagaram, daga 2007 aka yaɗa shi a ƙasa baki ɗaya, kuma kwamitocin kowace ƙaramar hukuma suka haɗu a tarayya ɗaya mai zama da magajin gari. A 2012 aka sake musu suna zuwa CGDES.

Sarakuna ma sun sake salon shigarsu. Ƙungiyar sarakunan gargajiya ta Nijar ta ƙulla yarjejeniya da UNICEF a 2001, aka ga masu martaba suna rangadi ƙauye ƙauye suna kira a sa ƴan mata makaranta, a kuma daina cire su domin aurar da su da wuri. Jikokin waɗanda aka tilasta wa kawo yara sun zama masu roƙon a kawo su. Sakamakon ya fito fili: zuwa 2010 adadin masu shiga firamare ya haura kashi 70 cikin 100.

Aji ya cika, saura karatu

Yawan shiga bai zo da yawan sani ba. A 2014 aka yi gwajin PASEC a ƙasashe 10 na Afirka masu amfani da Faransanci, Nijar ta zo a ƙarshe. Cikin yaran da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su kai 10 cikin 100 ba, haka ma a lissafi. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, kusan kashi 1 cikin 3 ne kawai suka sami rabin maki.

Akwai dalilan da kowane mai gari ya sani ba sai an gaya masa ba. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, amma ajin rumfa ba ya tsayuwa sai an gama girbi an sami kara, kuma da ruwan farko ya sauka ya tashi aiki. Malamin ƙauye yakan yi kwanaki a hanyar karɓo albashi. Ranar kasuwa da lokacin shuka suna kwashe yara. Yaron da bai taɓa jin Faransanci a gida ba kuma, da shi ake soma masa komai tun ranar farko. In aka tara waɗannan, shekarar karatu ta wata 9 takan koma ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Wani bincike da aka yi a makarantu 1000 na jahohin Tawa da Damagaram ya ba da darasi mai amfani. A ƙarshen 2007 aka ba kwamitocin makarantu 500 tallafin kuɗi, aka bar sauran 500 domin kwatanci. Inda aka ba da kuɗin, iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, ƙananan yara sun ƙaru, amma makin ɗalibai bai tashi ba. Masu binciken sun lura cewa iyayen da ba su yi boko ba suna da niyya, sai dai ba su da ƙarfin da za su tsawata wa malami ko su auna abin da yake koyarwa. Wannan ya sa a shekarun 2010 aka ƙara wa tsarin wani mataki. A yi wa yara ɗan gwaji mai sauƙi, a karanta sakamakon a gaban taron gari, sannan gari ya shirya ƙarin sa'o'in karatu da marece ko da dare, da littattafan atisayen lissafi, a ƙarƙashin malamai da tsofaffin ƴan lakwal na garin. Uban da aka nuna masa cewa ɗansa na aji huɗu bai iya haɗa lambobi biyu ba, ba ya bukatar wani dogon bayani. A gwajin PASEC na 2019 adadin masu kai matakin karatu ya tashi zuwa kusan 30 cikin 100. Ba za a jingina wannan ga dalili ɗaya ba, amma ya nuna cewa abin yana motsawa idan aka sa masa ido.

Batun rumfa kuwa ya wuce asarar lokaci. A watan Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan kara a wata makaranta a Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekarar irin wannan masifa ta auku a Maraɗi, ta ci rayukan yara fiye da 20. A lokacin hukumomi sun ƙiyasta cewa azuzuwan kara sun kai kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. Tun 2016 doka ta miƙa wa ƙananan hukumomi gini da kula da makarantun firamare, amma magadan gari sun yi ta kukan cewa an ba su kaya ba a ba su jaki ba, domin kuɗin da ya kamata su biyo bayan aikin ba su iso yadda ya kamata ba, harajin gari kuma ba ya shigowa duka.

Abin da ke hannun gari

Tsarin mulki ya ci gaba da sauyawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. A watan Maris 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya sake ɗaga tambayar da aka soma yi a Damagaram tun 1973 game da harshen da ya kamata a soma wa yaro karatu da shi. A duk waɗannan sauye-sauye, daga kumandan har zuwa kantoma, fada da zauren mai gari ne ba su gusa daga wurinsu ba, kuma wannan ɗorewa ita ce ke ɗora musu nauyi na musamman.

Ƙarfin da iyaye suka rasa a gaban malami, sarki yana da shi, kuma yana da shi a gaban sufeton makarantu da shugaban ƙaramar hukuma. Mai gari yana iya sanin ranar da aka buɗe aji da gaske, da kwanakin da malami ya yi ba ya nan, da dalilin rashinsa, wanda wani lokaci rashin masauki ne ko rashin ruwa, abubuwan da gari ke iya magancewa. Yana iya sa a tanadi kara da itace tun kafin buɗe makaranta, a kuma matsa wa hukuma ta sa ginin aji mai ƙwari a gaban sauran ayyuka. Yana iya kare filin makaranta daga masu yanka shi. Yana iya tsayawa a kan dokar Disamba 2017 mai kare karatun ƴa mace, idan aka zo da maganar cire yarinya daga aji. Yana iya barin iyaye su zaɓi kwamitinsu ba tare da an nuna musu wanda za su zaɓa ba, sannan ya halarci taron da ake karanta sakamakon yara, domin zuwansa kaɗai yakan cika fili.

A zamanin Nasara, tambayar da kumandan ke yi wa sarki ita ce yara nawa ya kawo. Sufurfe ya zo ya tambayi azuzuwa nawa aka gina. Dukansu an amsa su, da wahala da gumi, kuma garuruwan da a 1960 ba su da ko aji ɗaya yau suna da likitoci da alƙalai da malaman jami'a daga cikin ƴaƴansu. Tambayar da ta rage, wadda sarakuna da hakimai da masu gari da attajirai da malamai ke da ikon yi a kowane ƙarshen zango, ita ce yara nawa ne a ajin ƙarshe za su iya ɗaukar wasiƙa su karanta wa iyayensu, su kuma lissafa kuɗin buhun gero ba tare da an cuce su ba.